Famfo yana ta yankewa alhali tanki bai cika ba: me waya za ta iya gano maka?

Tambaya daga Jidda: Assalamu alaikum Malam. Ina zirga-zirga tsakanin Jidda da Makka da tsohuwar mota 'yar Amurka. Wata biyu ke nan, duk mahatta (gidan mai) da na shiga, da ma'aikaci ya zura bakin famfo sai ka ji "tak", ya yanke bayan lita biyu ko uku. Ya sake matsawa, ya sake yankewa, na baya suna ta danna mana ham. Wani abokina ya ce akwai manhajar waya da ke gano ciwon mota. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma kafin mu kai ga waya, bari ka san abin da ke yin wannan "tak" ɗin.

A kusa da ƙarshen bakin famfo akwai wata 'yar ƙaramar huda, da siririn bututu da ya tafi har mariƙin da ake matsawa. Muddin mai yana zuba, iska tana shiga ta hudar nan. Da zarar mai ya taso ya toshe ta, sai famfo ya saki kansa. Babu kwamfuta a ciki, babu lantarki. Shi famfo bai san tankinka ya cika ko bai cika ba, abin da ya sani kawai mai ya taɓa bakinsa.

To me zai sa mai ya taso a tankin da kusan babu komai? Iska ce. Ka tuna yadda ake ɗura ruwa a jarka mai ƙaramin baki: idan iskar ciki ba ta sami mafita ba, ruwan dawowa yake yi. Man riyal 100 a farashin riyal 2.18 kowace lita da aka tsayar wa koren fetur, wato 91, a Yulin 2021, ya kai kusan lita 46. Ke nan iska mai yawan haka sai ta fice daga tanki cikin 'yan mintuna. A yawancin motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, wannan iska tana bi ta wani akwati mai cike da gawayi da ke kama tururin fetur, sannan ta fita ta wani bawul. Idan ƙura ta toshe bawul ɗin, ko tiyo ya lanƙwashe, ko gawayin ya jiƙe, hanya ta rufe. Ƙura kuwa ba baƙuwa ba ce ga mai bin hanyar Makka kullum.

Maganar jiƙewar gawayi ita ta fi damuna, domin da hannunmu muke jawo ta. Famfo ya yanke a kan riyal 87, sai mu ce wa ma'aikaci ya ƙarasa zuwa 90, har wani ya girgiza motar don ta ƙara sha. Wannan ƙarin yana iya gangarawa cikin akwatin da aka yi shi don tururi kaɗai, gawayin ya lalace, har ɓurɓushinsa ya bi tiyo ya cushe. Da can muna fakewa da rashin canji. Yanzu da kati ko waya ake biya, 87 da 90 duk ɗaya ne wajen shabaka, wato na'urar biya. Ina roƙon masu karatu, idan motarku lafiya take kuma famfo ya yanke, a bar shi haka.

Yanzu ga inda waya ta shigo. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiranta OBD-II. Ana sayar da ƙaramar na'ura irin ELM327 da ake soka wa a nan, ta haɗu da waya ta Bluetooth, sai ka buɗe manhaja kamar Torque ko Car Scanner. Kunna makulli, ka nemi lambobin matsala. Idan ka ga P0446, zargi ya koma kan bawul ɗin fitar iska. P0441 tana nuni ga yadda injin ke janye tururi daga akwatin gawayi. P0455 babbar yoyo ce ta tururin fetur, kuma sau da yawa murfin tanki ne bai rufu da kyau ba. Mai iPhone ya tabbata na'urar da zai saya tana aiki da ita, don yawancin masu arha da Android kawai suke jituwa.

Ɗauki hoton lambar, kada ka goge ta kafin makanike ya gani, kuma ka cire na'urar idan ka gama don kada ta riƙa shan batir. Idan ba ka ga lamba ba, wannan bai wanke motar ba: tiyon da ya lanƙwashe ba lalle ya bar alama a kwamfutar mota ba. Tunda a kowace mahatta hakan ke faruwa da kai, laifin ba na famfo ba ne. Je sana'iyya, wato unguwar makanikai, ka ce a duba hanyar iskar tanki tun daga wuya har akwatin gawayi, kafin kowa ya sayar maka da sabon kaya. Kafin nan, ka roƙi ma'aikaci ya rage gudun famfo, ya ɗan ja bakin baya ko ya juya shi gefe.

Tambaya daga Makka: Malam, an gama zuba min mai, na kara waya a na'urar biya sau uku ta ƙi karɓa, ga shi ban fito da kati ba. Sai da ƙanena ya zo ya biya. Me ya jawo?

Amsa: Sannu Hajiya, wannan tsayuwar babu daɗi. Fara da duba ko NFC, wato siginar da waya ke biya da ita idan an kara ta, a kunne take, idan Android ce, kuma manhajar biyan kuɗi da kike so ita ce aka zaɓa ta biya. Sai rigar waya: mai kauri, ko mai ƙarfe ko maganaɗisu a baya, tana tare siginar. Wurin karawa ma ya bambanta. A iPhone saman waya ne, a yawancin Android wajen tsakiyar baya ko kusa da kyamara. Ki buɗe wayar tukuna, ki riƙe ta daƙiƙa biyu ko uku ba tare da motsi ba.

Wani lokacin kuma ba wayarki ba ce. Na'urar mahatta tana buƙatar layinta don ta isa banki, idan ya yi rauni sai ta mayar da kowa. Kada ki sake karawa sai kin duba saƙon banki, don kada a cire sau biyu. Idan an cire amma takarda ta nuna an ƙi, karɓi takardar ki ɗauki hotonta, ki shigar da ƙorafi ta manhajar bankinki.

Kuma a watannin zafi kada ki bar waya a gaban mota cikin rana, tana iya ɗaukar zafi ta daina aiki daidai lokacin biya. Ki ajiye katin mada, wato katin bankinki, a jaka, da 'yan riyal a aljihun mota.