Tambayi Likita: Fararen tabo a haƙori bayan cire ƙarfe

Tambaya: Salam Likita, don Allah ƴata ce ta yi shekara 2 da ƙarfen gyaran haƙori, da aka cire sai ga wasu fararen tabo zagaye da inda ƙarfen ya zauna kamar an zana da alli, wlh abin ya dame ni. Gam ɗin da aka manna ne ya cinye haƙorin?

Amsa: Wa alaikis salam Hajiya. Gam ɗin shi kansa ba ya cin haƙori, lura ma za ki ga wajen da ya rufe ɗin lafiya lau yake, gefe-gefen ne ya yi fari. Abin da ke faruwa, in gam ya yi tsiri a gefen ƙarfen wajen sai ya yi kaushi, dattin abinci ya maƙale, ƙwayoyin cuta su samu suga su mayar da shi asid, shi kuma ɓawon haƙori da zarar asid ɗin ya yi yawa har ma'aunin tsami (pH) ya sauka ƙasa da 5.5 sai sinadarin kalsiyam ɗin da ke cikinsa ya fara zarewa, shi ne ke barin farin tabon. Cikin sati 4 kacal tabon na iya bayyana in ba a gogewa sosai, balle yaranmu da lemon kwalba da alewa.

Akwai gam mai suna gilas ayonoma da ke sakin fulorayid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) a hankali, yana ɗan taimakawa, amma ba ya maye gurbin burushi.

Yanzu dai ta riƙa goge baki safe da dare da man da ke da fulorayid, ta tofar kawai kar ta kuskure bakin da ruwa. Ku koma wajen likita ya duba, ƙananan tabo kan dushe cikin watanni, kuma kar ku yi gaggawar sa maganin ƙara farin haƙori.