JAMB biyu babu gurbi: amsa ga ƙanwarmu mai neman likitanci

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, to ina bakin aiki a asibiti, sai yanzu na samu zama. Kin ce sau biyu kina zana JAMB, bara kin ci 241, bana 258, duk biyun kin haye makin da jami'ar ta sanar, amma sunanki bai fito a likitanci ba. Kin kuma ce kiredit ɗinki na Kemistiri daga NECO yake, sauran darussan daga WAEC, sannan ga wani ya ce a kawo kuɗi zai shigar da ke. Kina son sanin ina matsalar take. Ni ma sai a karo na uku Allah ya ba ni, kuma tun da na gama karatu kusan kowace shekara sai na zauna da 'yan matan unguwarmu lokacin cike fom. Abin da zan faɗa miki da idona na gan shi.

Kalmar kat-of ɗin nan ta yaudari yaranmu da yawa, kuma ina zaton har da ke. Makin da ake sanarwa a rediyo bayan taron JAMB da shugabannin makarantu, 140 ko 150, shi ne mafi ƙarancin abin da wata jami'a za ta iya karɓa a kowane irin kwas. Jami'ar kuma sai ta sa nata, a ce 180 ko 200, wanda ma'anarsa kawai an ba ki damar sayen fom ɗin Post-UTME, wato tantancewar da jami'ar ke yi da kanta bayan JAMB. Babu alkawarin gurbi a cikinsa. A likitanci, hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanke wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da asibitin koyarwarta. In kujerun 150 ne, dubbai kuma suka nema, jera su za a yi daga sama zuwa ƙasa, a tsaya inda kujerun suka ƙare. Don haka ba da kat-of kike takara ba, da sauran masu nema kike yi. Shi ya sa makin da ya shigar da 'yar ajinku bara zai iya barinki a waje bana, ba tare da kowa ya zalunce ki ba.

Jerin ma ba guda ɗaya ba ne. A jami'o'in tarayya ana raba guraben gida uku: kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi kowa maki ko daga ina suka fito, kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka ware a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, irin su Yobe, Zamfara, Jigawa, Kebbi da Sakkwato. Yarinyar da ta san wannan za ta fara tambayar kanta: ta wace ƙofa cikin ukun nan zan iya shiga a wannan jami'ar? Wadda ba ta sani ba kuwa suna kawai take bi. A karo na biyu haka na yi. Na zaɓi wata babbar jami'a mai nisa da jiharmu saboda wata ƙawata tana can, ban san na rufe wa kaina ƙofa ɗaya da hannuna ba, kuma makina bai kai na ƙofar farko ba.

Yanzu makarantun likitanci a Arewa sun ƙaru sosai. Ban da ABU Zariya, Bayero ta Kano, Ɗanfodiyo ta Sakkwato, Maiduguri da Jos, akwai ta jihar Gombe, ta jihar Kaduna, ATBU Bauchi, ta tarayya da ke Dutse, da jami'ar kimiyyar lafiya ta Azare. Amma har gobe yawancin yara kan tsofaffin suke turmutsutsu. In jiharku tana da jami'a mai likitanci, ki dube ta da idon basira, domin jami'ar jiha 'yan jiharta take fifitawa. Ki kuma sani zaɓin farko shi ne zaɓi. Jami'ar da masu nemanta a zaɓin farko suka ninka kujerunta sau goma ba ta da dalilin waiwayar wanda ya sa ta a na biyu.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro a maganarki, wato Kemistirin nan. Likitanci yana buƙatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Jami'o'i da dama ba sa karɓar haɗin sakamako biyu a wannan kwas, zama ɗaya suke so, ko da kuwa suna karɓar haɗin a sauran kwasa-kwasai. Wannan shi ya kayar da ni a shekarar farko. Na samu D7 a Fiziks a WAEC, na cike gurbin da na NECO, na zauna gida wata da watanni ina jiran suna, alhali tun ranar tantancewa an ajiye takarduna gefe. Babu wanda ya gaya mana, mu ma ba mu tambaya ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, sai da ya yi ta zarya yana tambayar mutane kafin wani malami ya buɗe masa littafin sharuɗɗa ya nuna masa layi ɗaya tak. Wannan littafin yana shafin JAMB kyauta, a sashen da suke kira IBASS, kowace jami'a da sharuɗɗanta, tare da manhajar kowane darasi. Ki karanta na jami'arki da kanki, sannan ki karanta sanarwar Post-UTME ɗinta ta bana, kada ki dogara da ta bara.

Ko a inda ake karɓar zama biyu, akwai jami'o'in da ke ba darajar kiredit maki wajen haɗa jimilla, A1 ya fi B3, B3 ya fi C6. Mai C6 biyar ta cika sharaɗi, amma ta fara tsere daga baya. Sannan Aikin Gona ba ya maye gurbin Bayoloji a likitanci. Haka a JAMB, darussan huɗu ne: Turanci, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Na taɓa ganin yarinya mai ƙoƙari ƙwarai da mai shagon intanet ya sa wa Lissafi a madadin Fiziks, wai ya fi sauƙin ci. Ta ci maki mai kyau, makin bai amfane ta da komai ba a wannan shekarar.

Tunda na ambaci shagon intanet, bari in ɗan tsaya a nan, don abin yana ci mini rai. Yaranmu sukan miƙa wa mai shago rayuwarsu gaba ɗaya: shi zai buɗe imel, shi ke riƙe da lambar sirri, wani lokacin har layin wayarsa ake amfani da shi. Layin da aka yi rajista da shi ya zama naki na kanki, ki adana shi kamar yadda kike adana takardar haihuwa, domin ta nan saƙonnin JAMB za su riƙa zuwa. Tun 2021 sai da lambar NIN ake rajista, kuma bayanan da ke jikinta su za su hau takardarki. Mu nan muna da matsalar rubutun suna: a wata takarda A'isha, a wata Aishatu, nan Muhammad can Mohammed, a wata sunan kaka ya shigo, a wata sunan gari. Ranar haihuwa ma sau da yawa ta NIN daban, ta WAEC daban. A gyara waɗannan tun kafin a buɗe rajista, har da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Gyara bayan an fara tantancewa wahala ce da kashe kuɗi, wani lokacin ma kafin a gama an rufe.

Tun 2017 duk wani gurbi ta CAPS yake bi, wato manhajar JAMB ta bayar da gurbin karatu. Wadda ta yi rajista tana jiran sakamakon WAEC ko NECO, dole bayan fitowarsa ta koma cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi, in ba haka ba jami'a ba ta da ikon miƙa sunanta. Ki shiga ki duba da idonki ko naki yana ciki. Ta nan ne kuma jami'a kan yi tayin mayar da mutum wani kwas, ta jira ya karɓa ko ya ƙi. Na san wadda aka yi wa tayin, ba ta leƙa ba sai bayan lokaci ya wuce. Na kuma san wadda ƙanenta ya danna karɓa a kan kwas ɗin da ba ta so, don murna.

Wannan ya kawo mu kan mutumin da ya ce a kawo kuɗi. Ƙanwata, kada a ba shi ko sisi. Gurbin da bai bayyana a CAPS ba JAMB ba ta san da shi ba, kuma matsalarsa takan jira mutum har lokacin bautar ƙasa. Galibin irin waɗannan mutanen caca suke yi da kuɗin iyaye: su karɓa daga mutum goma, in biyu sun samu da ƙoƙarinsu su ce aikinsu ne, sauran takwas a ce musu a yi haƙuri sai baɗi. Kuɗin da za a ba shi ya fi amfani a biya miki rajistar jarrabawa da malamin Kemistiri na gaske.

Game da karatun kansa ba zan tsawaita ba, don 258 ta nuna kina yi. Amma daga nan zuwa inda ake bukata akwai tazara, kuma sake maimaita yadda kika yi bara ba zai cike ta ba. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane darasi na kimiyya. Ki lissafa, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Wadda ba ta saba amsawa a kwamfuta da agogo a gabanta ba za ta bar tambayoyin da ta sani ba ta kai gare su ba. Ki yi jarrabawar gwaji ta JAMB, ki riƙa ɗaure kanki da lokaci a gida. Ki dubi takardar sakamakonki ki ga wane darasi ne ke jan ki ƙasa. A 'yan matan da nake zama da su, kusan kullum Turanci ne ko Fiziks, amma sai ki tarar Bayoloji suke ta bita saboda shi ke musu daɗi. Tsofaffin tambayoyi suna da amfani in ana bin dalilin kowace amsa, haddar amsa kawai ba ta kai mutum ko'ina. Kuma kada ki ajiye littafi ranar da aka gama JAMB. A inda ake rubuta Post-UTME, makinsa yana shiga jimilla, kuma na ga masu 280 da suka yi sakaci mai 260 ta wuce su.

Za a ba ki shawarar ki karɓi Anatomi ko Fiziyoloji, wai daga baya ki canza. Ki tambayi jami'ar a rubuce kafin ki yarda. A wurare da yawa ƙofar a rufe take, inda take buɗe kuma 'yan ƙalilan ke wucewa. Hanyar da ta fi wannan tabbas ita ce karatun share fagen shiga jami'a na IJMB, wadda ABU Zariya ke kula da ita, ko JUPEB, a nemi shiga kai tsaye aji biyu, sai dai ita ma kujerunta kaɗan ne kuma maki mai yawa take so. Fita waje kuma, a tabbatar MDCN ta san da makarantar, a kuma san cewa bayan dawowa sai an ci jarrabawar hukumar kafin a ba mutum lasisi. Mun ga halin da ɗalibanmu suka shiga da yaƙi ya ɓarke a Yukiren a 2022 da Sudan a Afrilun 2023, wasu suna dab da gamawa.

Akwai tambayar da nake yi wa kowace yarinya idan iyayenta sun ba mu wuri: ke kike so, ko so ake ki so? Shekara shida ce in babu yajin aiki, kuma na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Bayan nan ga shekarar koyon aiki a asibiti, ga bautar ƙasa. Samun gurbin ma ba shi ne ƙarshe ba, domin a makarantu da dama wanda bai kai makin da ake so a ajin farko ba wani sashen ake mayar da shi. In amsarki ita ce ke kike so, to ina bayanki ɗari bisa ɗari, domin kullum ina ganin matan da ke jinkirta zuwa asibiti har ciwo ya yi nisa saboda suna jiran ranar da likita mace take aiki. In kuma zuciyarki ta fi kwanciya da aikin jinya, haɗa magunguna, likitan haƙori ko kimiyyar gwaje-gwaje, babu faɗuwa a ciki, da su muke aiki kafaɗa da kafaɗa, kuma ranar da ɗaya bai zo ba asibiti tsayawa yake.

A yadda na karanta bayaninki, zargina ya fi ƙarfi a kan haɗin WAEC da NECO. Ki buɗe sharuɗɗan jami'ar yau, ki duba ko zama ɗaya take so. In haka ne, ko dai ki canza zuwa wadda ke karɓar zama biyu tun ana kan canjin makaranta, ko ki yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu ki sake zana darussan biyar gaba ɗaya, kamar yadda na yi a shekarata ta uku. Ki faɗa mana jiharku da abin da kika ci a kowane darasi na JAMB, amma ki rufe lambar rajistarki da lambar wayarki kafin ki turo hoton. Ina hutu ranar Asabar, in sha Allahu zan duba. Allah ya ba ki sa'a, ya zaɓa miki mafi alheri.