Ƙaramar jita mai faranti: za ta yi a Yamai?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙaramar jitar nan mai farantin ƙarfe a ciki za ta ishe ka kiɗa a fada, wurin hirar samari, ba tare da lasifika ba. Za ta yi, har ma da ƙari.

Sirrin yana ƙarƙashin murfin nan mai ramuka. Akwai wani siririn mazurari na alminiyam, kan sa tsirkiyoyin ke zaune, shi ke karkarwa ya ninka sautin. John Dopyera, wani mai ƙera kayan kiɗa, ne ya ƙirƙiro shi a Amurka, aka fara sayarwa a 1927, don jita ta daina nutsewa cikin ƙarar kayan busa. Da yake wuyan taka gajere ne, sautinta sama yake, mai kaifi, kusan kamar kuntigi da ake yi da gwangwanin kifi.

Amma ka kula da ita sosai. Kada ka danna mazurarin da yatsa, ko ɗan lotsawa ya yi sai ta riƙa zuza. Ƙurar hunturu ma tana shiga ramukan, ka dinga mayar da ita jaka. In katako ne jikinta, kada ka bar ta cikin mota da zafin Afrilu. Tsirkiya kuwa, sa sirara, masu kauri sukan tsinke ko su lanƙwasa wuyan in ka ja su sama haka.