Kalmar “fold”: ninkewa ce ko naɗewa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, a makaranta an koya mana cewa “fold” na nufin ninkewa, amma sai na ci karo da ita a jarida an ce wani kamfani “has folded”, a wani wurin kuma na ga “tenfold”. Shin duk kalma ɗaya ce?

Amsa: Abin da aka koya maka daidai ne, domin asalin ma’anar “fold” shi ne a ninke abu mai faɗi, kamar takarda ko riga ko bargo, har ɓangare ɗaya ya hau kan ɗaya, a sami kari a tsakani irin karin guga. Da wannan karin ake rarrabe ta da maƙwabtanta, kuma a nan ne Bahaushe ya fi yin tuntuɓe, saboda mukan yi amfani da “naɗe” a wurare da yawa. Wanda ya naɗe tabarmar kaba, “roll” ya yi, tun da babu kari a cikinta. Wanda ya naɗa rawani, “wind” ko “wrap” ya yi. Maƙerin da ya lanƙwasa ƙarfe kuwa, “bend” ya yi. Amma mai wanki da guga, idan ya gama ya ninke kaya, “fold” ya yi. Idan aikin ya wuce sai a ce “folded”, kishiyarta kuma ita ce “unfold”, wato warwarewa, wadda akan yi amfani da ita har ga labarin da yake bayyana sannu a hankali.

Game da kamfanin da ka gani, ana nufin ya durƙushe ya rufe, kamar abin da aka ninke aka ajiye. Haka aka faɗa game da jaridar News of the World ta Ingila lokacin da ta daina fitowa a shekarar 2011, bayan shekara 168 tana kasuwa. A Turancin Najeriya an fi jin “fold up” a wannan ma’ana. Masu karta ma sukan ce mutum ya yi “fold” idan ya ajiye kartarsa ya janye daga zagayen, kuma ana faɗar haka ga wanda ya sallama da aka matsa masa lamba.

“Tenfold” ita ce mafi sauƙi a gare mu, domin Hausa ta bi hanya iri ɗaya: daga ninkewa muka sami ninki. Saboda haka “twofold” ninki biyu ne, “tenfold” ninki goma, kuma idan aka ce farashi ya tashi “threefold”, abin da ake saya naira 100 ya koma naira 300, ba 400 ba.

Akwai wata “fold” wadda rubutu da furuci kawai suka haɗa su, amma tushensu daban a tsohon Turanci. Ita suna ce, tana nufin shingen da ake killace tumaki da dare, kuma daga gare ta aka sami “return to the fold”, wadda ’yan jarida suke yawan rubutawa idan ɗan siyasa ya koma jam’iyyar da ya bari.

Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne “fold your arms”. A jaridunmu ana nufin a naɗe hannu a zuba ido, amma mutumin Ingila ya fi fahimtarta a zahiri, wato a harɗe hannuwa a ƙirji. Idan da shi kake magana kuma sakaci kake nufi, gara ka ce “stand by” ko “do nothing”.