Manaja ya ce in jona wayar na'urar tsaron inji: ina matsayina a doka?

Tambaya: Barista, ni mai gyaran wuta ne a wata masana'anta. Injinmu na matsa ƙarfe yana da labulen haske a gabansa, da zarar hannu ya gitta sai injin ya tsaya cak. Manaja ya ce abin yana rage mana aiki, wai in jona waya ta bayan na'urar don ta daina tsayar da injin lokacin da ake cire kaya. Ya ce ko a ƙasashen waje doka ta yarda da haka. Idan na yi kuma wani ya ji rauni, wa za a kama? Idan na ƙi, zai iya korata?

Amsa: Malam, manajanka ya faɗi rabin gaskiya, ya ɓoye rabin da zai iya kai ka kotu.

Gaskiya ne akwai dakatar da na'urar tsaro na ɗan lokaci da doka ta amince da shi. Injin matsa ƙarfe yana murƙushe hannu ne lokacin da ƙarfen sama yake saukowa. Lokacin da yake komawa sama bakin injin buɗewa yake yi. Shi ya sa ƙa'idar OSHA, hukumar kula da lafiya da tsaro a wurin aiki ta Amurka, mai lamba 1910.217, ta halatta a dakatar da na'urar yayin hawan ƙarfen, don a cire abin da aka buga ko a saka sabo. Haka ma a layin fitar da kaya, ana barin tulin kwalaye ya wuce ta cikin labulen hasken ba tare da injin ya tsaya ba. Ma'aunan ƙasa da ƙasa, wato ISO 13849-1, IEC 61496-1 da IEC 62046, duk sun san da wannan tsari, sun kuma gindaya masa sharuɗɗa.

Sharuɗɗan ne manajan bai gaya maka ba. Injin ne da kansa zai fara dakatarwar, shi ne kuma zai kawo ƙarshenta da zarar hatsari ya dawo, babu hannun ma'aikaci a ciki. Ana buƙatar aƙalla sigina biyu masu zaman kansu kafin ta fara, ta yadda idan guda ya lalace na'urar ba za ta zauna a kashe ba. A layin kaya kuwa, dole a jera na'urorin yadda za su bambance kaya da mutum, kada a bar gibin da wani zai raɓa ya shige tare da kayan. Sau da yawa ana haɗa fitila mai nuna cewa an dakatar, da iyakar lokaci.

Wayar da aka ce ka jona ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Tana nan dare da rana. Yaron da zai karɓi aikin dare zai tarar da labulen a wurinsa, fitilarsa a kunne, ya miƙa hannu ya gyara ƙarfen da ya karkace kamar yadda ya saba, yana jiran injin ya tsaya. A ganina wannan ya fi cire na'urar ɗungurungum muni, domin wanda ya ga babu kariya yakan yi takatsantsan.

Wa za a kama? Nauyin farko yana kan mai masana'anta, kuma ba ya sauke shi da cewa wani ƙarami ne ya taɓa wayar. Amma kai ma ba ka tsira ba. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 119 ta 1963, a sashe na 11, ta hana a tilasta wa ma'aikaci aiki da inji ba tare da kariyarsa ba, ta kuma hana a lalata kariyar. A Birtaniya, sashe na 8 na dokar lafiya da tsaro a wurin aiki ta 1974 ya hana kowane mutum, babba ko ƙarami, taɓa abin da aka tanada don kare lafiya da gangan ko da ganganci. Ranar da aka yi hatsari, mai bincike zai buɗe akwatin wutar, ya ga wayar, ya tambayi wanda ke riƙe da makulli. Umarnin da aka ba ka da baki a gefen inji, a ranar sai a ce ba a tuna da shi ba. "Oga ne ya sa ni" yana iya rage maka laifi, ba kasafai yake wanke mutum ba, musamman ƙwararre wanda ya san aikin na'urar.

Shawarata kada ka jona wayar. Ka rubuta wa manajan takarda ko saƙo, cikin ladabi, ka ambaci abin da ya nema da ranar, ka ce ba za ka iya ba saboda hatsari, ka ajiye kwafi a wurin da ba na kamfani ba. A cikin takardar ka kawo masa mafita: a duba littafin injin, a tuntuɓi kamfanin da ya ƙera shi, a yi nazarin hatsari a rubuce, sannan wanda ya cancanta ya girka tsarin dakatarwa na gaskiya, a gwada shi kafin a ci gaba da aiki. Ka tuna masa cewa sauya tsarin tsaro ba da izinin maƙerin ba yana iya jawo masa rigima da maƙerin da kamfanin inshora. Wannan maganar takan shiga kunnen manaja fiye da maganar yatsun ma'aikata, abin takaici.

Idan ya nace, ko ya sa wani ya yi, ka kai maganar ga jami'in tsaro na masana'antar ko ƙungiyar ƙwadagonku, daga nan sai hukumar da ke duba masana'antu a ƙasarka. Ka kuma sanar da masu aiki a kan injin tun kafin su hau aiki.

Batun kora kuwa, Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 ta 1981, a sashe na 13, ta ce a kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da hujjar ganin akwai mummunan hatsari na kusa ga rai ko lafiya. A 2022 ƙungiyar ta sanya wannan yarjejeniya cikin manyan yarjejeniyoyinta na asali. Sai dai abin da kotu za ta yi aiki da shi shi ne dokar ƙasarka da takardar ɗaukarka aiki. Idan aka ba ka takardar tuhuma ko ta sallama, kada ka sa hannu a kan duk wani abu mai nuna ka amsa laifi. Ka ɗauki takardun, har da kwafin saƙonka, ka kai wa lauyan ƙwadago da wuri, domin irin waɗannan ƙararraki suna da wa'adin shigarwa.