Gyambon kwanciya bayan an sallamo Baba daga asibiti

'Yar'uwa, kin ce gyambon da ke ƙugun Baba ya yi wata 2 bai warke ba. Allah ya ba shi lafiya. Irin wannan miki nauyin jiki ne ke danne jini, don haka in ba a juya shi duk bayan awa 2, magani aikin banza ne. A wanke da ruwan gishirin asibiti, a rufe da bandeji mai tsabta. Toka da man goge baki dai, don Allah a bar su. Ki auna faɗinsa da zurfinsa duk mako, a duba masa sukari, ya riƙa cin ƙwai, wake da kifi. Wari, mugunya, baƙin nama ko zazzaɓi kuwa, ku koma asibiti ranar.