Me ya sa muke biyan kuɗin ƙungiya?

Ɗana, tambayar da ka yi ta fi ƙarfin amsar tsaye, shi ya sa na ce ka bari ofis ya yi sauƙi. Ka ga rasit ɗin kuɗin shekara na NANTA, ƙungiyar masu sayar da tikitin jirgi, ka ga na AHUON, ta kamfanonin Hajji da Umara, ga takardun sabunta lasisi, sai ka ce: "Maigida, wai me waɗannan mutanen suke tsinana mana? Fasinja don mu yake zuwa, ba don su ba. Ga abokaina can da waya da kwamfuta kawai suna yankan tikiti, ba sa biyan kowa ko sisi." Na san abin da ke bayan tambayar. Ka fara lissafin ranar da za ka buɗe naka wurin, kuma hakan daidai ne, don shi nake koya maka aikin.

Da farko ka cakuɗa abubuwa biyu, hukuma da ƙungiya. CAC da ke yi wa kamfani rajista, NCAA da ke kula da harkar jiragen sama, da NAHCON, Hukumar Alhazai ta Ƙasa da aka kafa a 2006, waɗannan gwamnati ce. Ba ka da zaɓi a kansu, in babu takardarsu aikinka haramtacce ne a doka. IATA kuwa ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ce ta duniya, sun kafa abarsu tun 1945, kuma don kare kuɗinsu suka tsara dokokinta. Namu na kanmu su ne NANTA, ta masu sayar da tikiti, wadda take nan tun 1973, da AHUON ta kamfanonin Hajji da Umara, waɗanda mutane ke kira 'yan jirgin yawo. In ka duba da kyau, a duk cikin jerin nan waɗannan biyun ne kaɗai suke zama a gefenmu na tebur.

Amma kafin ka gane amfaninsu sai ka gane mene ne aikinmu. Kai kana ganin tikiti muke sayarwa. Ni ina ganin kuɗin mutane muke riƙewa. Ɗan kasuwar Kwari ya kawo miliyoyi zai tafi Guangzhou a ƙasar Sin, ka buɗe manhajar kama kujera, Amadeus ko Sabre, ka kama masa kujera, ka fitar da tikiti. A wannan lokacin kamfanin jirgin bai ga ko kwabo ba. Kuɗin yana asusunmu har ranar da aka tsayar, sannan mu zuba shi gaba ɗaya ta BSP, tsarin IATA na karɓar kuɗin tikiti daga ejan, ita kuma ta raba wa kowane kamfani nasa. Kuɗin nan kamar ruwan sama ne a indararo, ta kanmu yake bi amma ba namu ba ne. Namu shi ne ɗan abin da muka ɗora na hidima, domin kamashon kashi 9 cikin ɗari da muka taras ana ba ejan ya daɗe da zama tarihi, yawancin kamfanoni yanzu ba sa bayar da abin a zo a gani. Saboda wannan riƙon amanar ne IATA ba ta ba mutum lambar izinin fitar da tikiti sai ta duba littattafan kuɗinsa, ya kuma kawo jingina daga banki ko kamfanin inshora. Ranar biya ta zo ka gaza, a rufe maka hanyar fitar da tikiti, duk kamfanonin kuma su sani a lokaci guda. Na ga ofisoshin da suka fi namu girma sun rufe a kan wannan, ba don masu su ɓarayi ne ba. Sun ga kuɗi kwance a asusu, sun ce bari su ɗan juya kafin ranar biya, canji ya motsa ko kaya suka maƙale a tashar ruwa, shi ke nan.

To abokan naka da kake magana, da lambar wa suke fitar da tikiti? Ka tambaye su. Dole akwai wani mai lasisi a bayansu, shi ne ya ajiye jingina, shi ne za a kama. Wannan ba aibu ba ne, da yawa daga cikinmu a ƙarƙashin wani muka fara. Aibun yana wurin wanda ba a san ƙarƙashin wa yake ba. Shi ne zai kama kujera ba tare da ya biya ba, ya buga takardar ya miƙa wa dattijo a matsayin tikiti. Lambar kama kujera mai haruffa shida tana jiki, sunan jirgi da rana duk suna nan, amma babu lambar tikiti mai alƙaluma 13. Wa'adin biya ya wuce, kujerar ta faɗi, dattijo ya zo filin jirgin Malam Aminu Kano da jakarsa da 'yan rakiya, a ce masa babu sunansa. Idan ya fita yana kuka ba ya cewa wane ya cuce ni. Cewa yake yi masu tikiti macuta ne, kuma har da mu a ciki. Wani ɓangare na kuɗin da nake biya na wannan ne, a samu rajistar da za a iya cewa wannan namu ne, wancan ba mu san shi ba, a samu kuma wurin da fasinja zai kai ƙara kafin a je ga 'yan sanda.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro ba sa sauka a gidan kowa sai gidan fatoma. Shi yake ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an yi bashi. A zango kuma akwai sarki da manya waɗanda fatoma yake jin kunyarsu. Baƙon da bai san kowa a gari ba yana sakin dukiyarsa ne don ya san akwai wanda zai iya tsawata wa mai masaukinsa. Mu ne muka gaji wannan aikin, kuma buƙatar mai tsawatarwa tana nan yadda take.

Sai maganar murya, wadda ita ce ta fi muhimmanci a ganina. Ka zo ofishin nan bayan guguwar ta lafa, don haka bari in gaya maka yadda aka yi. Kamfanonin jirage na waje suna sayar da tikiti da naira, sannan su nemi Babban Banki ya canza musu zuwa dala su kai gida. Da dala ta yi ƙaranci sai kuɗinsu ya maƙale, har a 2023 ya haura dala miliyan 800. Emirates ta dakatar da zuwa Najeriya a 2022, ba ta dawo ba sai Oktoban 2024. Sauran ba su tafi ba, amma sun rufe mana kujeru masu araha a na'ura. Ka san jirgi ɗaya, aji ɗaya, amma farashi hawa-hawa ne. To sai aka bar mana na saman kaɗai. Fasinja ya zo ka faɗa masa kuɗi, ya kira ɗan'uwansa a Akara ko Kwatano a faɗa masa abin da bai kai haka ba, a jirgi ɗaya, rana ɗaya. Cinikinmu ya riƙa tsallaka iyaka muna kallo, mutane kuma suna zaton mu ne muka yi tsada. Ka gaya mini, ni da ofishina mai tebur uku, wa zan rubuta wa wasiƙa ya karanta? NANTA ce ta yi ta magana a jaridu, ta je wurin hukumomi, ta hana zancen ya mutu. Ba na cewa ita ta buɗe kujerun. Abin da ya buɗe su shi ne biyan bashin da Babban Banki ya yi a farkon 2024, da umarnin NCAA, da kuma shigowar Air Peace hanyar Legas zuwa Landan a watan Maris na shekarar, wadda ta karya farashi. Amma da babu mai magana da yawunmu, da an zauna an warware matsalar masu jirage ba tare da an tuna akwai ejan a tsakani ba.

Ɓangaren Hajji da Umara ya ma fi wannan sarƙaƙiya, domin a nan ba kujerar jirgi kaɗai kake sayarwa ba, har da masauki da abinci da mota da tanti a Mina, a ƙasar da dokokinta suke sauyawa kusan kowace shekara. A 2023 Saudiyya ta ba Najeriya kujeru 95,000, aka ware 20,000 ga kamfanoni masu zaman kansu, sauran na hukumomin jihohi. Yadda za a raba waɗannan 20,000, nawa ne kuɗin jinginar da kamfani zai ajiye, yaushe za a mayar masa, me za a yi in an biya hidima a Mina ba a samu ba, duk magana ce da ake yi tsakanin NAHCON da AHUON. Daga baya Saudiyya ta ce ba za ta riƙa hulɗa da ƙananan kamfanoni ɗaya bayan ɗaya ba, sai sun haɗu ƙarƙashin kamfani jagora. Wanda bai saba zama da 'yan'uwansa ba, ranar nan ya rasa wanda zai yarda ya haɗa maniyyatansa da nasa. Haka a shekarar da yaƙi ya ɓarke a Sudan, watan Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyarta ana dab da fara jigilar alhazai. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin jirgi ya ƙaru bayan mutane sun riga sun biya. Irin wannan ba a warware shi a ofishin mutum ɗaya.

Kuma akwai ilimin da ba ya cikin kwamfuta, sai a bakin abokan sana'a. Otal zai rubuta maka cewa mita kaza ne zuwa Harami. Wanda ya taɓa sauke mutane a can shi zai gaya maka cewa hanyar hawa ce, tsohuwa ba za ta iya ba sau biyar a rana. Shi zai gaya maka wane otal ne a unguwar Misfala ta Makka lif ɗinsa biyu kacal ga bene mai tsawo, a yi ta layi bayan kowace salla. Shi zai gaya maka wane dillalin ɗakuna ne yake sayar da ɗaki ɗaya ga kamfani biyu a goman ƙarshe na azumi, lokacin da farashi yake ninkawa kuma babu inda za ka mayar da mutanenka. Unguwar Aziziyya a Makka tana da araha, amma sai ka tabbatar da motar da za ta riƙa kai mutanenka Harami, a rubuce, ba da baki ba. A Madina kuma ka san ko ɗakin yana cikin Markaziyya, wato yankin da ke kewaye da Masallacin Annabi, ko bayanta kafin ka buga a takardar talla. Mutumin da ya tara kuɗi shekara goma don ya ga Ka'aba bai cancanci ka koyi aiki a kansa ba. Rabin abin da na sani game da masaukai a wurin taro na ji shi, daga mutanen da gobe za mu yi gogayya a kan fasinja ɗaya.

Kada ka ɗauka ina cewa ƙungiya ba ta da aibu. Duk inda mutane suka taru akwai son muƙami, akwai lokacin zaɓe da ake manta abin da ya tara mu, akwai shawarar da ake yankewa nesa da mu ba a san yanayin kasuwarmu ta Arewa ba, inda Umara da fatauci zuwa Dubai da Sin da neman magani a Masar da Indiya suka fi yawon shaƙatawa. Maganin wannan shi ne zuwa taron shiyya da buɗe baki. Wanda ya biya kuɗi ya zauna a gida ya bar wa wasu su yanke masa hukunci. Kuma ƙungiya ba za ta kawo maka fasinja ko ɗaya ba, ba za ta biya maka tarar da kamfanin jirgi ya aiko don an karya ƙa'idar farashi ba. Za ta iya dai nuna maka yadda ake ƙalubalantar tarar cikin wa'adi in kana da gaskiya. Masu otal ma suna da tasu, akwai kuma FTAN da ta haɗa ƙungiyoyin yawon buɗe ido a inuwa ɗaya. Su masu otal kukansu ya fi yawa a kan haraji kala-kala da kuɗin dizal, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2013 da ya ce rajista da kula da otal hurumin jihohi ne, yawancin gwagwarmayarsu a gidajen gwamnatin jihohi take.

Game da naka wurin, ga yadda nake ganin ya dace. Kada ka yi gaggawar neman lambar IATA, jinginarta za ta cinye jarinka tun kafin ka sayar da tikitin farko. Yi rajistar CAC, ka nemi ta NCAA, ka riƙa fitar da tikiti a ƙarƙashin lambar ofishin nan da yarjejeniya a rubuce, kowa ya san haƙƙinsa. Buɗe asusu biyu tun ranar farko, ɗaya na kuɗin fasinja, ɗaya naka, kuma kada ka taɓa biyan kuɗin haya ko na makarantar yara daga na farkon, ko da kana da tabbacin mayarwa gobe. Harkar Hajji ka bar ta tukuna. Fara da Umara a watannin da babu cunkoso, da mutane kaɗan, tare da kamfani mai lasisin NAHCON, ka bi su da ƙafarka ka kwana a otal ɗin da ka sa su. Da zarar takardunka sun cika ka nemi shiga NANTA, ni zan tsaya maka.

Taron shiyya mai zuwa tare za mu je. Ka zo da littafi, ka zauna a baya, ka saurari abin da ake faɗa game da sabbin ƙa'idojin Nusuk, manhajar Saudiyya ta Hajji da Umara, da kuɗin biza, domin idan mun dawo kai za ka yi wa sauran yaran ofis bayani.